Ranar da Na Leƙa Madubin Dakta Atika

Mai girma shugaban taro, mai girma perfe shugaban gundumarmu, magajin gari, malamanmu, iyayena mata, 'yan'uwana masunta da manoman Madarunfa, da ku da kuka taso tun daga Gabi da Safo, assalamu alaikum. Na gode da kuka ba tsohon masunci lasifika, alhali kun san jefa koma na iya, ba jawabi ba.

Magana ta farko, abin da idona ya gani. Dakta Atika, ɗiyar garin nan mai bincike kan cututtukan ruwa, ta karɓi fitsarin wasunmu. Ta zuba masa wasu ƙwayoyi ƙanana waɗanda garin gero ma dutse ne a kansu. An shirya su yadda za su manne wa abin da ake nema kaɗai, in an haska su sai su yi ƙyalli. Ta ce in leƙa madubinta mai ƙara girman abu. Na leƙa, na ga kore yana walƙiya kamar ƙwarin makesu da dare a bakin tafki.

Na ce, "Ɗiyata, wannan abu da kyau yake."

Ta ce, "Baba, ƙwan tsutsar tsargiya ne, kuma daga jikin ɗanka Abdurrahman ya fito. Jajayen nan na gefe, naman mafitsararsa ne da ya fara lalacewa."



Magana ta biyu ta fi nauyi. Ranar da Abdurrahman ya fara fitsarin jini, yana ɗan shekara goma sha biyu, ni na yanka zakara, ni na ce yaro ya zama namiji. Haka ubana ya yi mini, haka da yawanku kuka yi wa naku. Shekara ashirin cuta na cin ɗana a gabana. Yanzu yana kwance a asibiti a Maradi yana jiran a yi masa aiki, 'ya'yansa huɗu suna gidana.

Jama'a, rashin sani ya fi dare duhu. Gobe da safe masu magani za su zauna a filin makaranta. Ku kawo 'ya'yanku, ku kawo kanku, kada kunya ta zaunar da kowa. Duk wanda ya ce muku jinin nan alamar girma ce, ku turo shi wurina.

Allah Ya mai da kowa gida lafiya, Ya saka wa likitocinmu da alheri, Ya tashi kafaɗar Abdurrahman. Allah Ya yafe wa uban da ya yi murna ranar da ya kamata ya yi kuka.

Na gode.