Fitsarin Gizo Ya Hana Ni Goyo

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, amma ina da ƙorafi. Kun tashi a coci kun rangaɗa guɗa wai ni Talatu na warke. Ba wanda ya tambaye ni. Da furfura a kaina na koyi rubutu, to yau da hannuna zan faɗa.

Lokacin girbin gero ƙuraje masu ruwa suka feso mini daga gadon baya zuwa ƙarƙashin nonon dama. Kowa ya ce fitsarin gizo ne. Aka share yanar ɗakina tas, har rufin aka kakkaɓe. Ƙurajen suka bushe, wutar ta zauna. Wurin yana kumbura, ko zani ya goge shi sai in ji kamar an zuba mini garwashi.

Nan ne daidai inda ake ɗaure goyo.

Ladi, matar ɗana, ta kawo mini jikana za ta gona. Na ce ba zan iya ba. Ta saci kallon tabon, ta sunkuyar da kai. "Ba komai, Inna. Ranar kasuwa sai in kai shi garinmu Kunci wurin innata ya zauna. Ita bayanta lafiya lau."

A asibiti a Bici nas ta ce, "Mama, ba ruwan gizo. Ƙarambau ɗin yarinta ne ya kwanta a jijiya, yanzu ya farka." Ta ba ni ƙwayoyi, ta ce in riƙa ɗora tsumma mai sanyi, in daina ɗaure zani tamau. Na ce yaushe zai tafi? Ta ce na wani yakan tafi, na wani yakan daɗe.

Ana gobe kasuwa na durƙusa bayan rumbu. Na ce, "Ubangiji, ban gane maka ba. Ka bar mini ciwon, yanzu kuma yaron za a ɗauke?" Zafin bai ragu ko kaɗan ba. Abu ɗaya ne ya faɗo mini a rai: ai ƙafafuna ba sa ciwo.

Ban warke ba, 'yan'uwa, wataƙila da shi za a binne ni. Duk da haka na gode wa Yesu, don ya amsa. Ku dogara gare shi, ku kuma tambayi mai ciwo kafin ku yi guɗa.

Ranar kasuwar, da gari ya waye, na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Ladi, na miƙe ƙafafu. Ta fito da ƙullin kayan yaron a ka. Na ce, "Sauke wannan. Kwantar mini da yaron bisa ƙafafuna, ki tafi gonarki."