Ƙamshin Acca a Bakin Magudana

Salamar Yesu Almasihu ta kasance tare da ku, 'yan'uwa. Sunana Rahila, ina tsinkar tumatir a gonakin rani na Bunkure.

Da ƙamshi abin yake farawa. Ina tsaka da aiki sai in ji ƙamshin acca a wuta, irin wadda Mama take dafa mana kafin ta rasu. Sai gonar ta yi nisa, muryoyi su dushe, in gan ni a kan duwatsun ƙauyenmu tana kirana. Gaskiya daɗi nake ji. Ban gaya wa kowa ba, don kada a raba ni da ita.

Wata rana hankalina ya dawo ina tsaye cikin babbar magudana, ruwa har ƙugu, 'yata Godiya a bayana tana tsala kuka. Daga ranar maigidana Bulus ya hana ni goyo. Ban ga laifinsa ba, amma zanin goyon nan na jiƙa shi da hawaye.

A asibiti a Kano aka manna mini wayoyi a ka, suka nuna akwai inda ƙwaƙwalwata take tartsatsi. Sai aka ce kuma a ɗauki hotonta. Na ce wa likitar, gwaji ɗaya bai isa ba ne? Da ta ji sana'ata ta ce, "Hoto zai nuna yadda aka gina magudana, wayoyi sun nuna yadda ruwa yake gudu. Sai an haɗa su ake gane inda ta fashe."

Aka tura ni cikin injin ɗaukar hoton, yana ta ƙara kamar injin casar shinkafa na Kura. Can sai ga ƙamshin ya zo. Na san Mama tana kusa. Na ce a zuciyata, "Yesu, ka riƙe mini Mama a wurinka, ni ka bar ni in goya 'yata."

Da aka haɗa gwajin biyu, wuri ɗaya suka nuna: wani ɗan tabo. Ashe farfaɗiya ce, irin wadda ba ta ka da mutum ƙasa. Aka ɗora ni a kan magani, ban fasa sha ba.

Ƙamshin bai sake zuwa ba, kuma ina kewarsa, ba zan ɓoye muku ba. Amma yau da safe Bulus da kansa ya miƙo mini zanin. Na tsallaka gadar magudana da Godiya a bayana, ga ta nan tana barci.

Yabo ga Ubangiji! Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, kuma kada ku ɓoye ciwo, ko da mai daɗi ne.