Furannin Mai Gidan Burodi

A tashar motar Kasama, Kangwa, wanda ya dawo daga Ingila ya buɗe gidan burodi, ya zauna kusa da wata tsohuwa mai baƙin ɗankwali.

"Mama, rashi aka yi?"

"Jikata ce. Ubanta yana aiki a sabon gidan burodin nan. Unguwa kaf ta zo zaman makoki, har 'yan dako. Shi kuwa maigidansu sai ya aiko da furanni a kan babur."

Kangwa ya gyara zama. "Wataƙila aiki ne ya riƙe shi. A Turai haka ake yi."

"Yo nan Turai ce? Furanni ne za su kama mana akwatin gawa? Lokacin da uwarsa ta rasu yana can, ɗan nawa yana cikin waɗanda suka haƙa kabarinta." Ta ƙura masa ido. "Na ga kana kare shi. Ka san shi ne?"

Kangwa ya sa dunduniya ya tura ledar burodinsa ƙarƙashin benci.

"A'a, Mama," in ji shi. "Ni baƙo ne."