Tayar Ƙasar Ƙanƙara a Hanyar Korahane

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Illiya direba daga Dakoro, ina ɗaukar dabbobi zuwa kasuwa a motata bashe, wato a-kori-kura.

Tayoyina na baya sun suɗe, sai na ga wani a WhatsApp yana tallar na okaziyo, wato na hannu, daga Turai. A hoto kam sababbi fil. Na biya ta waya, aka ɗoro mini biyu daga Maradi.

Da na kai garajin Sani a ɗaura, ya nuna mini zanen dutse da 'yar tauraruwa a gefen tayar, ya ce, "Maigida, wannan ta ƙasar ƙanƙara ce, zafinmu zai cinye ta." Na kira mai tayar, ya rantse babu bambanci. Aka ɗaura.

Kafin bazara ta wuce ɗaya ta fashe a hanyar Korahane, ga ragunan mutane a baya. Kafin mu gyara mu isa, muka tarar kasuwa ta watse. Yanzu mutumin ba ya ɗaukar kirana.

Direbobi 'yan'uwana, ina gaishe ku, ku ba ni shawara: in cire ɗayar, ko in lallaɓa da ita? Rago ma sai na shafa bayansa nake saye, amma abin da ke ɗauke da raina a hoto na saye shi.