Jar Biro Ta Kusa Raba Ni da Makaranta

"Ja! Duk ja ne!" Baba ya wurgar da katin sakamakona a tsakar gida.

Af, ban ma gaishe ku ba. Salama a gare ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Daga Kaduna nake rubuto wannan a waya, ku yi haƙuri da saurina.

A ƙauyen Karare kusa da Batsari muke lokacin, zamanin da kuɗin man fetur suka fara shigowa, ina aji bakwai, shekarata goma sha biyar. Baba bai iya karatu ba. Abu ɗaya aka taɓa gaya masa: jan rubutu faɗuwa ne.

Na ce, "Baba, wallahi na ɗaya na zo! Shuɗiyar biron Malam ce ta ƙare."

Ya ce, "Ni za ka mayar yaro? Gobe gonar gyaɗa."

Na roƙe shi ya je ya tambaya. Ya ce shi ba zai tsaya gaban mai dogon wando ana masa Turanci ba. Haba! Shekara bakwai, ko ƙofar ajinmu bai sani ba!

Wata biyu ina riƙe da fartanya, jarrabawar shiga sakandare tana matsowa. Abinci ya ƙi shiga. Na daina gaida Baba. Ba zan ɓoye muku ba, na tsani ubana.

Ranar wata Lahadi Inna ta ja ni gaban masu bi a coci, muka durƙusa. Na ce, "Yesu, na gaji. Ka kai ƙafar Baba makaranta, ka cire mini wannan dutsen daga ƙirji." Kuka kawai nake.

Ran kasuwar Batsari sai ga Baba ya soke katin cikin hula, ya ce, "Hau keke." Muka nufi makaranta.

Malam ya ba shi kujera, ya karanta masa layi-layi da Hausa. Can Baba ya ce, "To Malam, don Allah a sayi baƙar biro." A hanya ya tsaya ya saya mini ƙosai. Na cinye tas, cikina bai ce uffan ba. Halleluya!

Na zauna jarrabawar, na ci. Na gode wa Ubangiji da ya warkar da ni, ya maido mini da ubana. Ku dogara gare shi.

Amma har yau abin na ci mini rai: wata biyu, kan tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba! Iyaye, ku da kuka iya karatun ma, yaushe rabonku da taka makarantar 'ya'yanku?