Addu'ar da nake yi masa a waya

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu, iyayena da ƙannena na zumuntar mata.

Shekara goma sha ɗaya muka yi a Bakura, ni da maigidana, Baban Rahila. Direban a-kori-kura ne, yana kwaso albasa da tumatir daga ƙauyukan Maradun zuwa kasuwar Talata a Mafara. Ɗaki biyu ne gidanmu, da dalbejiya a tsakar gida. A lokacin ba mu da waya. In ya fita, sai in kama aikina, in la'asar ta yi in kasa kunne. Ko cikin motoci goma na san kukan tasa. Ya kan shigo yana warin albasa, da ƙullin tsire a aljihu, yara su rufe shi. Har yau in na ji warin ɗanyar albasa, tsakar gidan nan nake gani.

Da ya sayi waya, ya sayo mini tawa, murna kamar me. Sai na ɗauki wata ɗabi'a: in na lissafa ya hau hanya, in kira shi in yi masa addu'a. Kun san gaisuwarmu ba ta da gajarta. In tambayi gajiya, in tambayi hanya, in tambayi mutanen ƙauyen Tsibiri, kana in soma addu'a, shi ko yana ta amin, hannu ɗaya a sitiyari. Wata rana sau uku. Har alfahari nake yi a wannan zumunta cewa ni mijina ba ya tafiya ba addu'a.

Ran wata Talata da hantsi, ya baro Dosara da kaya, na kira. Ina tsakiyar roƙon Ubangiji ya tsare shi, sai na ji ƙara. Wayar ba ta yanke ba. Ina jin kukan shanu, ina jin mutane suna salati, ina kiran sunansa, ba amsa.

Can wani dattijo makiyayi ya ɗauki wayar. Ya ce, "Baiwar Allah, ke ce iyalinai? Kwantar da hankalinki, shina da rai. Shanunmu ya kauce ma, ya faɗa rami."

Makiyayan nan su suka ciro shi, suka tare mota. Maƙwabciyata Inna Hajo, matar mahauci, ita ta riƙe hannuna har asibitin Mafara. Ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu.

Kwana na huɗu ina ba shi kunu, na tambaye shi don me bai ƙyale kiran ba. Ya yi murmushi ya ce, "Maman Rahila, addu'a fa kike yi. Wa zai kashe waya ana addu'a?"

Na fita bayan ɗakin na durƙusa, na yi kuka. Na ce, Ubangiji, na tuba. A nan ya nuna mini abin da ban taɓa yarda da shi ba: ba bangaskiya ke sa ni kiran nan ba, tsoro ne. Muryarsa nake son ji don hankalina ya kwanta, na lulluɓe abin da addu'a. Kamar Allah ba ya ji sai ta waya! Na roƙa ya cire mini wannan tsoro, ya kuwa cire.

Wata bakwai ya yi kafin ya koma tuƙi. Yanzu in ya hau hanya, wayarsa tana cikin jaka, tawa tana kan kabad. In ya sauke kaya ya zauna, shi ke kirana. Yana ɗan ɗingishi, amma da ƙafarsa ya raka Rahila gaban bagadi ranar aurenta bara.

Na gode wa Yesu da bai bar ni na zama gwauruwa da bakina ba. 'Yan'uwa, in naku yana kan hanya, ku ajiye wayar, ku durƙusa. Wanda kuke roƙo yana cikin motar tare da shi. Amin.