Ranar da na shigo da waya ɗaki

Mai gabatarwa, barka da aiki, ina gaishe ka da duk masu saurare. Sunana Rifkatu, daga wani ƙauye a bayan dutse, kusa da Zuru.

Ɗana Bitrus soja ne. Bara da ya zo hutu, ya saya mini waya da layi a kasuwar Zuru. Mai sayarwa ya rantse ko cikin rijiya layin yana kamawa. Ƙarya yake! Da muka iso gida, ko ɗigon sabis babu a ɗakina. Sai a jikin mangwaron tsakar gida ake samu, don haka na buga ƙusa, nan wayar take wuni a rataye.

Ƙarshen damina, wata Laraba, hadari ya taso. Na ce kada ta jiƙe, na shigo da ita ɗaki. Kwana biyu ana ruwa. Da na mayar da ita, sai ga saƙo: "Mama, na kira sau bakwai. An tura mu ƙasar waje, mun tashi. Ki yi mini addu'a."

Wata shida ke nan ban ji muryarsa ba.

Jama'a, kada ku gwada layi a kasuwa, ku gwada shi a ɗakin da kuke kwana. Wanda ya san layin da ke shiga ɗaki a yankinmu, don Allah ya taimaka mini. Ga damina ta sake tahowa, ni kuwa ko ƙanƙara ake yi, wayar nan ba za ta sauka ba.